Shekarar da Yayarku Ta Sayo Folere

Kun girma kuna jin gwaggonninku suna cewa na yi wa kakarku Hajiya rashin kunya a zauren gidanta, a gaban ɗanta da baƙonta. Na san kun ji, kada wani ya yi mini fuskar bai sani ba. Ke Balaraba har tambayata kika taɓa yi muna tsintar shinkafa, na ce ki kula da tsakuwa ki bar ni. Ban amsa ba ne domin waɗanda maganar ta shafa suna raye a lokacin. Yanzu Hajiya ta riga mu gidan gaskiya, babanku ya bi bayanta, Allah ya jiƙansu, ni ma gwiwoyina sun fara ba ni labari. Gara ku ji daga bakina, ba daga bakin waɗanda suke cikin ɗaki ranar ba, waɗanda ko leƙowa ba su yi ba sai da aka gama.

Yayarku ita ce 'yar farina, kuma kun san yadda gidanmu na Garwa yake. Kakannin babanku daga Kano suka zo da fataucin goro, suka zauna cikin Fulani, kunyar Hausa ta haɗu da ta Fulani ta zama biyu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ko ciwo yake yi ba ta nuna ta sani. Ga shi kuma an raɗa wa yarinyar sunan Hajiya ita kanta, sunan da ba zan furta ba ko a kan 'yar maƙwabta yake, don suruka ba ta faɗin sunan uwar mijinta. Ranar da aka yaye ta Hajiya ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, ta laƙaba mata Ummi. Ni kuwa in ta kama dole sai in ce "ke" ko "waccan". Ba wanda ya tilasta ni da sanda. Haka na ga uwata ta yi da yayana, kuma har alfahari nake yi cewa ba a taɓa kama ni ina kallon yarinyar ba.

Kada ku ɗauka Hajiya muguwa ce. Wallahi son da ta yi wa yarinyar nan ban ga kamarsa ba. Kafin Ummi ta ɗaga yatsa an kawo ruwa, kafin ta kalli kwano an buɗe, in ta juya kai wajen ƙofa an goya ta. To me za ta ce, tunda ba a bar mata abin nema ba? Sa'o'inta suka fara surutu, ita shiru. Sa'o'inta suka shiga lekol, wato makarantar boko, da 'yan jakunkunansu, ita tana bakin gadon Hajiya tana wasa da carbi. An kai ta asibiti, likita ya tafa hannu a bayan kanta ta juya, ya ce kunne lafiya lau. Yaran unguwa suka sa mata Bebiya. Duk ran da na ji sunan nan daga bayan katanga sai in ƙara wa tukunya itace, in ce hayaƙi ne ya shiga mini ido.

A cikin zafin nan na bazara, wanda ko kogin Binuwai sai ya janye ya bar yashi, Malam Buba ya zo daga Marwa. Ƙanin Hajiya ne, malami a unguwar Domayo, mutumin kirki, ba ni da abin faɗa a kansa. Amma kowa ya san yaron da aka kai gidansa don a yi masa rubutu ba ya dawowa sai ya manta ƙofar gidansu. Ya dubi yarinyar, ya dafa kanta, suka yi magana da Hajiya a ɗaki. Da la'asar ina kai musu abinci Hajiya ta ce, ba tare da ta kalle ni ba:

"Dije, ki wanke kayan Ummi ki ajiye. Alhaji zai je Kolofata, yana dawowa za ta bi Malam. Matarsa za ta riƙe ta har Allah ya buɗe bakinta."

Na ce, "To, Hajiya."

Me zan ce? In na ce a'a, na nuna 'yata ce. Na ajiye kwanon, na fita da baya.

Abin da ya hana ni haƙura shi ne abin da na ji bayan kwana kaɗan. Na je bayan madafa ɗebo itace da tsakar rana, gida ya yi tsit, kowa ya kwanta saboda zafi. Sai na ga yarinyar a tsugune gaban kazar Hajiya da 'yan tsakinta, tana miƙa musu gero. Na ji da kunnena ta ce, "Ci. Ci mana." Murya ƙarama, a dishe, amma magana ce. Na tsaya kamar an dasa ni. Tana ganina ta haɗiye bakinta ta ruga ɗakin kakarta. A ranar na gane yarinyar nan tana da magana a ciki, ta dai ga mutane ba su buƙatarta ne, kaza ce kaɗai ba ta karanta mata ido.

Na tari babanku da safe yana ɗaure kayan tafiya Kolofata. Kun san shi, mutum ne da zai yi ciniki da ɗan sanda a kan hanya har ɗan sandan ya ba shi haƙuri, amma a gaban uwarsa ba ya ɗaga kai.

Na ce, "Alhaji, waccan tana magana. Na ji ta."

Ya ce, "Da wa?"

"Da kaza."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Dije, in je in ce wa Hajiya kaza ce shaidarki? In ta buɗe baki a gaban mutane ta nemi abu kamar kowane yaro, sai in sami abin faɗa. In ba haka ba, ki bar maganar nan, ba ta dace da bakinki ba."

Ya tafi ya bar ni da wannan. Ni ban yi lekol ba, ban san yadda ake koya wa yaro magana ba. Abin da na sani shi ne yadda mu muka koya: aike. A damƙa maka kuɗi a hannu, a ce je ka gaida mai kaya, ka faɗi abin da kake so, ka jira, ka karɓo, ka yi godiya. Kuma na lura da abu ɗaya da yarinyar take so wanda ba ya cikin ɗakin Hajiya. A tsallaken hanyarmu akwai Madam Rahila, 'yar Kaele, matar wani direban motar auduga, tana da firigo, wato firji, tana ƙulla folere a leda, zoɓon nan namu ja mai tsami, da na citta, da na tsamiya. Hajiya ta hana a sayo, wai sanyi yana kama ƙirji. Duk lokacin da yaran lekol suka taru a wurin, yayarku tana maƙale a zaure tana haɗiyar yawu.

Sai na fara sata. Ba satar kuɗi ba, satar 'yata. Hajiya na yin barcin rana sai in yafito ta zuwa bayan madafa, in jiƙa zoɓo a ƙoƙo, in kifa turmi in zauna a bayansa in zama mai sayarwa. Ranar farko ni ce ma na kasa. Shekara da shekaru ban yi wa yarinyar nan magana mai tsawo ba, harshena ya yi nauyi. Na ce "ke", ba ta ɗago ba. Na ce "Ummi", ta miƙo hannu kawai, don ta saba in an ce Ummi to ba ta abu za a yi. Na ɓoye ƙoƙon a bayana. Ta kalle ni, na kalle ta. Haushi da tausayi suka taso mini tare, na duba hagu da dama, na sunkuya na raɗa mata sunanta na yanka. Na ji kamar na yi saɓo. Ita kuwa sai ta zaro ido, ta waiga ɗakin Hajiya, ta dawo da kallonta kaina, ta fashe da dariya. Ta san sunan, tana jin 'yan'uwan Hajiya suna kiran tsohuwa da shi, ba ta taɓa sanin nata ba ne. Na sake faɗa, na ce me kike so? Bakinta ya yi motsi, ya yi motsi, can ta ce, "Ja."

Daga nan kullum sai mun yi. Ta koyi miƙa tsakuwa a matsayin kuɗi, ta koyi cewa "Jam na" irin gaisuwar Fulani, ta koyi "Useko", wato na gode, in ta karɓa. In ta sha sai in tambaye ta, tsami ko zaƙi? Ta yamutsa fuska ta ce tsami. Na sa ta taɓa randa ta ce sanyi, ta taɓa murfin tukunya ta ce zafi. Amma sharaɗinta ɗaya ne: sai na kira wancan sunan. In ban kira ba, ko zan kwana ina tambaya ba ta tankawa. Kuma ta fara ce mini Adda, kamar yadda 'ya'yan fari suke ce wa uwayensu a nan, ban san inda ta tsinto ba.

Da na ga haka sai na yafa gyale na tsallaka wurin Madam Rahila. Da Fulatanci muka yi magana, don Hausarta ba ta da yawa. Na ce zan riƙa turo yarinyar, kada ta ba ta kome sai ta faɗa da bakinta.

Ta ce, "Kayya, maman yara, wannan baiwar Allah? Ni kyauta ma zan ba ta."

Na ce, "Kyautar ce ta kashe mata baki. Ki taimake ni ki yi mata rowa."

Daga ƙarshe ta ce ta ji.

Zuwan farko ya ɓaci. Na damƙa mata dala biyar, na raka ta bakin zaure, na jira masu babur suka wuce, na ce je ki. Ta tsallaka, ta tsaya gaban firigo, ta miƙa kuɗin. Madam ta naɗe hannu tana tambayarta me take so. Yara suka zo suka saya suka wuce, wasu suka tsaya kallo. Wani ɗan banza ya ce, "Bebiya ce fa, Madam!" Ina hango kafaɗunta sun fara rawa. Ta jefar da kuɗin, ta rugo da kuka, ko duba hanya ba ta yi ba, wani mai babur ya taka birki har ya kusa faɗuwa, yana zagi. Ta wuce ni ta faɗa ɗakin Hajiya.

Hajiya ta fito ɗankwali a hannu. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba.

"Wa ya fitar da ita titi?"

"Ni ce, Hajiya."

"Ke? Da izinin wa? Yau kika san kin haife ta? Kin kai ta kasuwa yara su yi mata dariya, babur ya kusa kwashe ta, don ki nuna mini ban iya riƙo ba?"

Na durƙusa na sunkuyar da kai. Daga ranar ta daina barcin rana, ta sa tabarmarta a bakin ƙofa, yarinyar tana gefenta. Ni da 'yata sai kallo daga nesa. In na wuce da tulu sai in ga bakinta yana motsi ba sauti, ni ma in kau da kai. Tsoro ya cika ni cewa na ɓata abin gaba ɗaya, na sa ta ƙara rufewa. Na wanke kayanta kamar yadda aka umarce ni, na ninke, na sa a jaka.

Babanku ya dawo daga Kolofata, Malam Buba ya sake zuwa ɗaukarta. Ranar tafiyar zafi ya yi zafi, iska ko motsi ba ta yi. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar zaure ana jiran motar da za ta kai su tasha. Hajiya na zaune, Malam na gefe yana jan carbi, babanku na tsaye yana duba hanya don kada ya dubi kowa. Yayarku tana sanye da sabuwar riga, jakarta a gabanta, gumi yana bin wuyanta, idonta yana tsallaken titi inda Madam take buɗe firigo. Na fito da ruwa a kofi na kawo wa Malam. Na san in motar nan ta tsaya shi ke nan. A gefen zanena akwai kuɗi a ƙulle, na kwance, na sunkuya na sa mata a tafin hannu a gaban kowa, na rufe yatsunta a kai.

Hajiya ta ce, "Dije!"

Malam ya ɗaga hannu. "Bar ta, Yaya. Yarinya za ta yi tafiya, ta sha abin da take so."

Ta miƙe. Ta je bakin hanya ta tsaya, ta duba nan ta duba can kamar yadda na sha nuna mata da tsinke a ƙasa, ta bar wata motar auduga ta wuce, sannan ta tsallaka. Yara biyu suna gabanta, ta tsaya a bayansu har suka gama. Madam ta naɗe hannu. Muna hango bayan yarinyar kawai, ba ma jin kome. Ta daɗe a tsaye, har babanku ya ce bari ya je ya ɗauko ta. Sai muka ga Madam ta dafe ƙirji, ta buɗe firigo da sauri, ta ɗauko leda ja. Yayarku ta karɓa da hannu biyu, ta juyo, tana sauya ledar daga wannan hannu zuwa wancan saboda sanyi.

Na ce a raina alhamdulillahi. Amma Hajiya ta taɓe baki.

"Nuna mata ta yi da yatsa. Matar ta ji tausayinta ne. Ummi, zo in ɓula miki."

Ta miƙa hannu. Yarinyar ta wuce hannun kakarta, ta zo gabana ta tsaya, ta ɗaga mini ledar, tana kallon bakina. Na san abin da take jira. Wasanmu take so mu ƙarasa, kuma wasan ba ya farawa sai da sunan nan. A daidai lokacin motar ta shawo kwana tana hon. Ga Hajiya mai sunan a zaune, ga ƙaninta, ga ɗanta. Jikina ya yi abin da ya saba, kaina ya fara juyawa gefe. Na ga hannun yarinyar ya fara sauka, hasken fuskarta yana tafiya. Na san in na kau da kai yanzu, ba Marwa kaɗai za ta tafi ba, bakin ma ba za ta sake buɗe mini shi ba. Na durƙusa a gabanta, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Saudatu, me kika sayo?"

Carbin Malam ya tsaya. Babanku ya ce, "Subhanallahi." Ban kalli Hajiya ba.

Yarinyar ta ce, "Folere. Ja. Mai sanyi." Ta ciji bakin ledar, ta tsotsa, ta yamutsa fuska. "Tsami!" Sannan ta tura mini a baki. "Adda, sha."

Na sha. Hawaye na zuba a gaban surukata, ban share ba.

Malam Buba ne ya fara magana. Ya ce wa Hajiya wannan ba ta buƙatar rubutunsa, a kai ta lekol, ya ɗauki buta da jakarsa ya shiga mota shi kaɗai. Babanku ya ɗauki jakar yarinyar ya mayar cikin gida. Hajiya ta miƙe a hankali, ta kaɗe zanenta, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Na gode, Dije. Na ji sunana a bakinki."

Ta shige ɗaki ta saki labule.

To ga abin da ya biyo baya, don kada ku ce na ɓoye. Hajiya ba ta sake cin girkina ba har ta bar duniya. In na kai kwano, yadda na kai haka zan ɗauko. Gwaggonninku suka riƙa aiko mata da abinci daga gidajensu, tare da maganganun da kuka taso kuna ji. A biki da suna mata suna nuna ni da baki, ga wadda ta kira sunan uwar mijinta. Uwata ma da labari ya kai mata sai da ta aiko a ce mini na kunyata ta. Babanku ya yi wata da watanni ba ya sakin fuska da ni. Na je na durƙusa wa Hajiya ba sau ɗaya ba, takan ce "ba kome" tana kallon bango. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ina son tsohuwar nan, kuma na san ba sunan kaɗai ya ƙona mata rai ba. Hannunta da yarinyar ta wuce ne.

Ita dai yayarku ta shiga lekol da damina. Kun san ta yanzu, in ta kira waya sai caji ya ƙare, har kukan ce wa ya kunna rediyon Garwa. Hajiya da kanta ta koma aikenta wurin Madam Rahila kullum da la'asar, ita da ta ce sanyi yana kama ƙirji. Ina ji daga madafa tana ce mata, "Faɗa mini, me kika ce wa matar? Ita kuma ta ce me?" Yarinyar tana zuba, tsohuwa tana dariya. Ni ba a taɓa kirana cikin hirar ba.

Tun daga ranar ban sake kiran sunan nan ba, ko a ɓoye. Na koma "ke" da "waccan", har yau da take da jikoki a hanya. Da nake wannan rubutu da ɗan ajamina ma hannuna sai da ya tsaya kafin ya sa shi a takarda, kuma sau ɗaya kuka gan shi. In gwaggonninku sun sake ce muku na yi rashin kunya, kada ku yi musu da su, na yi. Ku dai tambaye su, da su ne a durƙushe a zauren nan, mota tana hon, yarinya ta ɗago musu leda tana kallon bakinsu, me za su ce mata?